Tabon Cokali

Na finciko ɗana Limbani har ofishin shugaban makarantarsu, na naɗe wa yaron hannun riga.

"Duba nan, Mista Nyirenda. Kwale-kwalen kamun kifina na sayar na kawo shi makarantar 'ya'yan manya, ba don a yi masa lamba kamar saniya ba. Manyan ɗalibai ne suka gasa cokali suka manna masa. Ko ka kore su, ko in tafi da ɗana yau."

Shugaban ya daɗe yana kallon ƙunar. Sai ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa. Ga tabo nan irinsa sak, ya tsufa ya yi baƙi.

"Yara bakwai kawai ake zaɓa a shekara, baban Limbani. Alƙalai da ministoci na yawo da wannan tabon. Ina taya ka murna."

Na ja yarona mu fita. Ya zare hannunsa a hankali, ya koma gefen shugaban.

"Baba, ni na roƙe su. Ka bi ta ƙofar baya, kada abokaina su gan ka."