Ƙaramar Bindigar Cedric

"Cedric, da kana nan da tuni ka kashe gardamar nan da dariya ɗaya." Haka Odell ya faɗa a ransa. Yana zaune a ɗakinsa na ƙarƙashin gida, abin sauraro a kunne, muryar abokinsu Lamar tana huda masa kai.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci suke buga wasan harbi na bidiyo. Su shida ne, 'yan unguwa ɗaya a garin Toledo, ɓangare biyu, uku nan uku can, kowa daga gidansu. Doka ɗaya gare su, kuma Cedric, wan Odell, shi ya kafa ta: wanda ya fi kowa hannu shi zai ɗauki ƙaramar bindiga, mai harsashi kaɗan, wadda ba ta cin nesa. Sauran su zaɓi manya. Da haka wasa yake daidaita. Shekara da shekaru Cedric ne mai ƙaramar, da ita yake kwantar da su ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.

Tun da mota ta zame da shi a kan ƙanƙara ya rasu, aka rasa mai taɓa bindigar.

Gurbinsa ya daɗe a buɗe, sai wani baƙo ya nemi shiga, sunansa na wasa wai Tsattsewa. Ba ya magana, makirufonsa kullum a kashe. Ranar farko kai tsaye ya ɗauki ƙaramar bindiga, kowa ya gyara zama, an zaci gwani ne ya iso. Ashe ko tafiya bai iya ba. Ya yi karo da bango, ya tsaya kallon sama, a harbe shi. Abu ɗaya ya sani, duk inda Odell ya sa ƙafa yana biye. In aka raba musu ɓangare kuwa, sai ya nemo shi ya tsaya a gabansa, bai taɓa harbinsa ba.

Lamar ya yi ba'a har ya gaji. Ya ce ya ɗauki doguwa mai madubi mana, ko Allah ya sa ya samu kaza. Lahadi ta zagayo, Tsattsewa ya sake ɗaukar ƙaramar.

Yau haƙurin Lamar ya ƙare.

"Ɗan'uwa, mutumin nan raina mu yake yi. Bindigar Cedric ce fa. Duk ɓangaren da aka ba shi kamar an ɗaura musu dutse a wuya ne. Ko ka kore shi yau, ko ni na tafi, kuma ba ni kaɗai ba."

Odell ne mai ikon kora tun bayan rasuwar wansa. Ya murza ido. Ya gaji da ɗaukar kwalaye duk mako a wurin aiki, ya gaji da komai, kuma wasan nan kaɗai ne wurin da bakinsa yake buɗewa. Tsakaninsa da Mama magana ta ƙare a "na ci" da "sai da safe". A da takan tsaya bakin ƙofar Cedric da kwandon wanki a kugu, tana kallonsa yana wasa, tana girgiza kai. Yanzu in sun dawo daga coci sai ta haura ɗakin nasa ta rufe ƙofa, abinci ya yi ta jira. Na'urar gano hayaƙi da ke saman bene ta daɗe tana ƙyas, ƙyas, tana neman sabon batir. Cedric ne dogon gidan, shi yake canja mata.

Odell ya ɗora yatsa a kan maɓallin kora. In ya danna, Lahadinsa ta tsira.

"Tsattsewa," ya ce, "buɗe makirufo ka ce wani abu mana. Ko kalma ɗaya."

Can aka ji ƙwaram-ƙwaram, irin na mai lalube, makirufon ya buɗe. Numfashi kawai, a hankali.

Ƙyas, daga saman bene. Ƙyas, a cikin kunnensa.

Lamar ya fashe da dariya. "Ka ji, Odell, shi ma gidansu ba a sayen batir. Ashe danginku ne."

Odell bai yi dariya ba. Ya zare abin sauraro daga kunne ɗaya, ya jira. Na'urar ta sake kuka, kunnuwansa biyu suka ji tare. Makirufon ya mutu.

Ya ɗauke yatsansa. Ya ce Tsattsewa yana nan, daga yau a riƙa sa shi a ɓangarensa, faɗuwar duk ya ɗauka. Lamar ya ja tsaki, ya ce in shan kashi yake marmari ai ga shi nan araha. Aka ci gaba, aka lallasa su.

Ran nan Odell ya hau sama ya ci abincinsa a kan tebur, ya ce ya yi daɗi. Batirin kuwa bai canja shi ba.

Har yau bai gaya wa kowa ba, ko ita kanta, cewa ya san Mama ce take zama a kujerar Cedric kowace Lahadi, riƙe da bindiga ɗaya tak da ta taɓa gani a hannun ɗanta, don ta ji muryar wanda ya rage mata.