Kwando na Biyar

Fim na ƙarewa, ba a kai ga kunna fitila ba mahauci ya fara.

"Wannan jini ne ko jan fenti? Shekara talatin ina yanka, ban taɓa ganin jini mai ƙyalli ba."

Aka kwashe da dariya. Mutum arba'in ne a ɗakin kallon, a kan kujerun roba, fanka ɗaya na juya musu zafi. Mai gidan ya riga ya faɗa wa mai fim tun da hantsi: in 'yan kallo sun yaba, zai ba shi mako guda, in sun kushe, ya naɗe kayansa kafin la'asar. Shekara uku yaron ya yi yana haɗa wannan abu, har babur ɗinsa ya tafi a ciki.

Abin kushewa kuwa bai yi wuyar samu ba. Sojoji tara ne kacal, su ne na nan, su ne na can, hula kawai suke sauyawa. Tela ya ce wandon kwamanda labule ne, ya gane shi ta wurin ramin ƙarfe. Direban tasi ya rantse mai gashin bakin nan sau uku ya mutu, kuma a mutuwa ta biyu har ya gyara kwanciya.

Duk cikinsu babu wanda ya taɓa jin ƙarar harsashi sai a waya. Amma baki ai ba a biyan hayarsa.

A kujerar gaba aka zaunar da tsohuwa mai wanki, da sandarta a kan cinya. Labarinta ne fim ɗin. Shekara hamsin da suka wuce, ita ce ta ɓoye kakan mai fim, soja mai rauni a ƙafa, cikin kwandon zannuwan gado a ɗakin wankin asibiti, kwana biyu, kafin abokan gaba su zo su tafi da shi. Bai dawo ba. Tun daga ranar dangin sojan ba su daina gaishe ta ba, ita kuma ba ta taɓa karɓar ko allurarsu ba. Sau huɗu aka aika mata kafin ta yarda ta zo.

"Iya, ke fa me kika gani?" in ji mai gidan.

"Yarinyar da kuka saka a madadina ba ta taɓa matse zani ba. Da waɗancan farata? Kuma sai kuka take yi. Wa ke da lokacin kuka, wanki na jira?" Ta juya ga mai fim. "Yarana huɗu suna ɗakin a ranar. Ina ka kai su?"

"Kuɗin ɗaukar yara ne babu, Iya."

"To."

Sai malamin makaranta ya miƙe, irin masu cire tabarau kafin su yi magana.

"Ni ku bar jini, ku bar labule. Kwanduna bakwai ne a jere, iri ɗaya. Sojoji sun shigo, ba su taɓa na ɗaya ba, ba su taɓa na biyu ba, sai tsaf na biyar. Duba suka yi? Ko ƙamshinsa suka ji? Wannan ragwancin marubuci ne. Ya gaji da labari, ya ce a kama shi kawai a huta."

Ɗakin ya ɗauka. Wanda ɗazu yake gyangyaɗi ma ya farka ya ce shi tun farko ya lura. Mai gidan ya dubi agogo.

Mai fim ya miƙe. "Haka aka yi. Mahaifiyata tana da shekara bakwai, ta taga ta gani. Kai tsaye suka tafi."

"To wani ya nuna musu," in ji malamin.

"Babu wanda ya nuna! Ta ce Iya ko uffan ba ta ce ba, hannunta biyu na cikin ruwan sabulu tun shigarsu har fitarsu."

"Yarinya 'yar shekara bakwai, ta taga," in ji direba. "Ni a shekara bakwai har aljani na gani a bayan gida."

Yaron ya zo ya durƙusa a gaban tsohuwa, gaban kowa. "Iya, ke ce ganau. Ki faɗa musu. Uwata ƙarya ta yi?"

Ta kalle shi. Goshin kakansa ne sak, har inda gashi ya shige.

Ta dogara sanda ta tashi, ta fuskanci ɗakin.

"Kai mai tabarau, ranar kana ina? Ko uwarka ba ta yi haƙori ba. Fim ɗin nan, jinin ƙarya ne, bindigar katako ce, kukan ma ƙarya ne. Abu ɗaya ne yaron nan bai ƙara ba bai rage ba, shi ne wannan da kuke wa dariya. Kai tsaye suka tafi na biyar. Ban yi magana ba. Hannuna bai fita daga ruwa ba. Mai ja ya tashi in gan shi."

Babu wanda ya tashi. Malamin ya mai da tabarau. Mahauci ya ce shi dama jinin kawai ya yi magana a kai. Mai gidan ya yi gyaran murya, ya ce mako guda, kuma a rubuta a ƙofa cewa labarin gaskiya ne.

Mai fim ya so ya raka ta da tasi. Ta ce ƙafarta lafiya lau.

Ta fita a hankali, tana raina su ɗaya bayan ɗaya, har da mai fim ɗin. Malamin nan kaɗai ne mai kai a cikinsu, shi ma da tsawa ɗaya ya zauna. Ko kalma ɗaya ba ta yi musu ƙarya ba. Mace mai 'ya'ya huɗu a jere jikin bango, da bakin bindiga a kan ƙaraminsu, ba ta buƙatar hannu ko baki. Haɓa ta ishe ta nuna kwando.