Sunan Malam

Ɗanladi ya rubuta sunansa a allon bango daga dama zuwa hagu, yadda ya saba a allon muhammadiyya, aji ya fashe da dariya. Tasi'u har da buga ƙasa. Malam bai yi dariya ba, amma ya cije leɓe, kuma Ɗanladi ya gani. Ya ajiye alli, ya ɗauki takalmansa ya tafi gida.

Ajin a gindin darbejiya yake, a wani ƙauye kusa da Dugabau, don iska ta kwashe rufin makaranta kuma hukuma ta ce ana tsuke bakin aljihu. Da Shari'a ta zo aka raba maza da mata, mata suka koma zauren mai unguwa, maza suka rage ashirin cif. Sai ga takarda daga Kabo: duk ajin da bai kai ashirin ba za a rufe shi, a sallami malaminsa. Sufeto zai zo ranar Laraba ya ƙirga da kansa.

Ɗanladi ne na ashirin. Ya sani, bai damu ba. Ko dai haka ya ce.

Washegari da safe Malam ya zo har gida. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin rumfa ya yi gaisuwa mai tsawo. Ɗanladi ya juya fuska wajen bango. Dama can ba ya kallon Malam, ba ya amsa masa sai da kai.

"Hajjo, ki gaya wa wancan na daina boko."

Hajjo, matar Ɗanladi, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Ga shi nan kusa da ƙafarka. Bakinka ciwo yake?"

Malam ya laluba aljihu. Ya fere fensir ya ajiye a gefen tabarma ya fita.

Ran Litinin ya kawo tsire daga Gwarzo. Ɗanladi ya jira ya tafi, sannan ya cinye, ya ce yaji ya yi yawa. Ran Talata Malam ya zauna ya rubuta baƙaƙe manya-manya a kwali, don ya san Ɗanladi ba ya ganin ƙanana. Ya gaya wa Hajjo, da ƙarfi yadda za a ji a rumfa, cewa laifinsa ne da bai fara nuna inda ake soma rubutu ba, kuma wanda ya iya allo ya riga ya fi rabin ajin. Bai ambaci sufeto ba, ko sau ɗaya.

Wannan ne ya fi damun Ɗanladi. Da ya roƙa, da an ƙi shi hankali kwance. Ya ɗauki kwalin ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Ran Laraba bayan la'asar sufeto ya iso a babur, da jakar takardu da ƙura har gira. Ya ƙirga, sha tara. Ya sake ƙirgawa, sha tara. Yana buɗe biro sai ga Ɗanladi, bai yi sauri ba, ya zauna a wurinsa na gaba.

Sufeto ya ce a kira rajista. Malam ya kira Tasi'u, ya kira Zubair, ya bi su ɗaya-ɗaya. Da ya kai na ƙarshe sai ya yi shiru, ya yi maki kawai.

"Malam, ba ka san sunan ɗalibinka ba ne?"

Malam ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya juya ya tambayi Ɗanladi sunan malaminsa. Ɗanladi ya kalli reshen darbejiya. Aka sake tambaya, ya kalli akuya. Ajin ya fara gunaguni, Tasi'u ya toshe baki da hula.

"To madalla," in ji sufeto. "Wata shida malami bai san ɗalibi ba, ɗalibi bai san malami ba. Na ga alamar ɗauko shi aka yi a hanya don a cika lamba. Sha tara zan rubuta."

Ɗanladi ya dubi Malam. Ya yi tsaki, ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya ɗauki alli. Ya daɗe a gaban allon, yana numfashi kamar mai huɗa, yana jan kowane baƙi a hankali. Da ya gama ya matsa gefe.

UWAISU.

Sufeto ya duba takardarsa, ya duba allo. Ya soke sha tara.

"In ka sani, me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

Ɗanladi ya karkaɗe alli daga gemunsa, ya koma ya zauna. Shekara talatin da huɗu ke nan da ya yanka ragon wannan suna, kuma uba ba ya kiran sunan ɗan fari, amma bai taɓa jin an hana rubutawa ba.