Jan Mayafi a Bakin Tur'a

"Fito mini da ɓarawon ruwan nan!" dattijon ya daka wa mai shagon bidiyo tsawa, yana hararar maƙwabcinsa da yake zargi, wanda ya jawo har garin Suki don ya kunyata shi.

Wani ne ya fasa tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ruwa ya bi wata hanya, audugar dattijon ta bushe. Mai shagon yana ɗaukar bidiyon wani biki ya kamo mutumin daga nesa, sai dai hoton ya fito toka-toka.

"Haka sabuwar kyamara take ɗauka, Baba. Launin yana ciki, sai na saita shi," in ji mai shagon.

"Saita! Yau asirin munafuki zai tonu."

Mai shagon ya taɓa kwamfuta. Sama ta yi shuɗi, gonaki suka yi kore. A wuyan mai fasa tur'ar ga jan mayafin da dattijon ya sayo wa babban ɗansa a garin Managil, ɗan da ya hana wa gona.

"Mayar da shi toka-toka," in ji dattijon.

"Bar shi haka, bawan Allah," in ji maƙwabcin. "Kai ka tara mutane a ƙofa. Shigo da su."