Muryar Inna

Yanzu a unguwarmu sai ka ci wasan teburi za ka ɗebi ruwa. Kowa da jaruminsa da katunansa, kuma katin da ka jefa, abin da ke rubuce a jikinsa ya bar ka ke nan, har a zahiri.

"Dodo ya tsare rijiya," in ji Baffa Jatau, mai jan labarin wasan. "Talatu 'yar boko, saki Karatun nan ki huta."

Kati biyu suka rage mini: Karatu da Muryar Inna.

"Baffa, ba a teburinka na samo shi ba."

Na jefa Muryar Inna, dodo ya faɗi.

Na shiga gida da jarka cike. Inna tana ta magana, ba na jin komai. Na miƙa mata alƙalami. Ta tsaya tana jujjuya shi, don ba ta taɓa shiga aji ba.