Tsagar Kunnen Ɗan Borgu

Barakatu ta sake shiga karar shanu ta Kontagora.

"Malam, 'yan Borgu sun iso?" ta tambayi dillali.

"Mutanen ko shanun, Hajja?"

"Shanun."

Shekara shida ke nan da aka ce ruwan Kainji ya ci mijinta Jumare a ƙasar Borgu. Ta yi takaba, ta ƙi aure. Takan zo ne kawai ta shafa irin shanun da ya kiwata.

Ta kama kunnen wani maraƙi, sai ta ƙura masa ido. Tsaga biyu, ɗaya a karkace. Jumare kaɗai ke yanka haka, don bahago ne.

"Wannan watansa nawa?"

"Bakwai. Jira mai shi, ya je sayo wa 'ya'yansa alewa."