Hannun da Ya Rage a Hoton Baba

Ina 'yar shekara tara, wata rana bayan Azahar, Baba ya sa ni goge hotunansa na zaure. Akwai wanda aka ɗauka ranar da ya samu aikin akawu a Kontagora. Yana zaune cikin kwat, an datse gefe guda na hoton da almakashi. Sai dai mai datsewar bai gama aikinsa ba. Wani hannu ya rage a kafaɗar Baba, da mundaye uku na ƙarfe.

Na ce, "Baba, wannan hannun waye?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Wata mai kawo mana dawa ce. Goge ki rataye."

Na san mundayen. Mai su tana zaune a dakalin ƙofar gida a lokacin, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kambari da ke zuwa ranar kasuwa da kaya a kafaɗa. Ba a taɓa ce mata ta shigo ba. Ni nake kai mata ruwa, a kwanon da aka ware mata. In ta karɓa, sai ta daɗe tana kallon fuskata.

Sai bayan ta rasu na ji cewa ita ta haifi Baba.

Hoton yana wurina yanzu. Na bi dangi kaf ina neman ɗaya gefen, babu wanda ya san inda aka jefar da shi. Baba ne ya cika hoton da kwat ɗinsa, Allah Ya gafarta masa. Amma ni, hannun kawai nake gogewa.